Yadda Za Ka Saita Jitar Lantarki Mai Araha Mai Fasalin Zamanin Da

Jitar da nake kiɗa da ita mai araha ce, irin waɗanda masana'antu ke ƙerawa birjik a yanzu suna yi musu kamannin jitocin shekarun 1950 da 1960. Launinta kore ne mai haske, ƙugunta a karkace, tana da maɗaukan sauti biyu masu faɗi (su ne ke ɗaukar sautin tsirkiya su kai lasifika) da doguwar sandar girgiza sauti. Duk wanda ya san jita, da ya gan ta zai gane cewa fasalin Jazzmaster aka bi, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1958. Ina ƙaunarta ƙwarai, kuma da ita nake yin yawancin kiɗana. Amma yadda ta fito daga kwali daban ne da yadda take yanzu. Tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuya har yatsu na ciwo, saiti ba ya zama, jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a jikin jita, yana ƙara kamar wani abu ya kwance a ciki, ga tsirkiya mafi kauri tana zamewa daga mazauninta da zarar na ɗan buga da ƙarfi.

Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci cewa araha ba ta ado, su jingine jitar a lungu ko su fara sayen sababbin kayan canji. Ni ban yarda da wannan ba. A yau injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka katakon jiki da na wuya, kuma yana yankawa daidai, ko jitar mai tsada ce ko mai araha. Inda masana'anta ke tsimi shi ne lokacin hannun ma'aikaci: wanda zai zauna ya daidaita wuya, ya gyara ramukan tsirkiya, ya goge bakin firet, wato siraran ƙarafan da aka jera a gicciye a fuskar wuya, ya auna tsayin komai. Wannan aikin ne aka bar maka, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar komai sai haƙuri da 'yan kayan aiki kaɗan.

Ka tanadi alanki masu girma daban-daban, sukundireba ƙarama da babba, rular ƙarfe mai nuna milimita, filaya mai yanka waya, kafo (maƙallin da ke danne duka tsirkiyoyi a firet guda), fensir, da na'urar saita sauti ko manhajarta a waya. Ka shimfiɗa tawul a kan tebur, ka sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin wuyan. Abu guda da zan nanata shi ne bin tsari: tsirkiya tukuna, sai wuya, sai jaki, sai matashin wuya (ɗan farin abu mai ramuka shida a saman wuya), sannan daidaiton sauti, maɗaukan sauti su zo ƙarshe. Kowane mataki yana taɓa wanda ke bayansa. In ka fara daga ƙarshe, sai ka sake komai.

Tsirkiyoyin da jitar ta zo da su, cire su. Ba ka san tsawon zaman da suka yi a ɗakin ajiya ba, kuma galibi sirara ne, masu lamba 9 zuwa 42, wato lambar kaurin mafi siranta zuwa ta mafi kauri. A jita mai fasalin Telecaster ko Stratocaster wannan ba laifi ba ne. A mai fasalin Jazzmaster, Jaguar ko Mustang kuwa (duk waɗannan biyar ɗin jitocin Fender ne), kaurin tsirkiya rabin magani ne. An zana waɗannan jitoci ne a lokacin da makaɗa ke amfani da tsirkiyoyi masu kauri sosai, don haka jakinsu yana buƙatar nauyi a kansa kafin ya natsu. Jaguar ta 1962 da Mustang ta 1964 ma gajeru ne, tsawon tsirkiyarsu inci 24, alhali Jazzmaster inci 25.5 ce, wato milimita 648. Gwargwadon gajartar jita, gwargwadon sakin tsirkiyarta. Ni na zauna a kan masu lamba 11 zuwa 49. In yatsunka ba su saba ba, fara da 10 zuwa 46, amma kada ka sauka ƙasa da haka.

Yawancin jitocin da ke kwaikwayon na da suna da kunnuwa, wato ƙarafan da ake naɗe tsirkiya a kansu a murɗa don saita sauti, masu tsaga a kai da rami a tsakiya. Ja tsirkiyar ta wuce kunnenta da kamar santimita biyar, yanke ta a nan, cusa bakin cikin ramin har ƙasa, lanƙwasa ta ta cikin tsagar, sannan ka murɗa tana naɗuwa daga sama zuwa ƙasa, zagaye bisa zagaye ba tare da sun hau juna ba. Ina son wannan tsarin fiye da na zamani, domin babu bakin waya a waje da zai soke maka yatsa. Bayan ka ɗaura duka shida, saita su a kan E, A, D, G, B, E, daga mafi kauri zuwa mafi siranta, sannan ka kama kowace da yatsu ka ɗan ja ta sama a hankali, ka sake saitawa. Maimaita har sai jan bai ƙara sauke sautin ba. Kuma kada ka zubar da guntun da ka yanke daga tsirkiya mafi siranta, zai yi maka aiki yanzun nan.

A cikin wuyan jita akwai rodin ƙarfe da ke ja da baya yayin da tsirkiyoyi ke jan wuyan gaba. Abin da ake so shi ne wuyan ya ɗan lanƙwasa kaɗan a tsakiya, ba ya miƙe sambal ba, don tsirkiya ta sami filin kaɗawa. Ga yadda ake aunawa. Sa kafo a firet na farko, riƙe jitar yadda kake riƙe ta lokacin kiɗa, danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe da yatsa, sai ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da saman firet na takwas. Ma'aunin da Fender ke bayarwa shi ne wajen milimita 0.25 zuwa 0.3. Guntun tsirkiyar nan mai lamba 10 kaurinsa milimita 0.25 ne, mai lamba 11 kuma 0.28, don haka zura shi a cikin tazarar. In ya shige yana ɗan shafar sama da ƙasa, wuyanka lafiya lau. In ya shige da sauran fili a sama, lanƙwasar ta yi yawa. In sai ya ɗaga tsirkiyar kafin ya shiga, wuyan ya miƙe fiye da kima.

Kan rodin yana saman wuya kusa da kunnuwa a yawancin masu araha, kuma alanki mai milimita 4 ko 5 ne ke shiga. Murɗawa dama tana ƙara ɗaure rodin ta miƙar da wuya, murɗawa hagu tana sassautawa. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci guda. Murɗa, sake saita sauti, ba katakon ɗan lokaci ya bi, sannan ka sake aunawa. Ka tabbata alankin ya zauna daram a ramin kafin ka sa ƙarfi, domin in ka cinye bakin notin, gyaran ya fi ƙarfin gida. In kuma ka ji rodin ya cije ya ƙi motsi, tsaya nan, kai wa mai gyara. Wannan shi ne wuri guda a duk aikin da gaggawa ke iya kashe jita.

Yanzu sai jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a jikin jita, kowace a kan ɗan sirdinta. A nan ne masu irin jitata suka fi kuka, kuma a nan ne ya kamata ka fahimci abin da maƙerin farko ya nufa kafin ka taɓa komai. Jakin Jazzmaster ba a ɗaure yake da jiki ba. Yana tsaye ne a kan ƙafafu biyu masu tsini, kowace cikin wani ɗan kofin ƙarfe da aka nutsa a katako, don ya riƙa rangaji gaba da baya tare da tsirkiya duk lokacin da ka danna sandar girgiza sauti. Dabara ce mai kyau, domin tsirkiyar ba ta gogar sirdi, tare suke tafiya. Matsalar ita ce bayan tsirkiyoyi sun ƙetare jakin, sai sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin su isa inda aka maƙala su, kuma gangarar da suke yi a wannan tafiyar ba ta da yawa. In gangara ta yi kaɗan, danniyar da ke kan sirdi ta yi kaɗan. Daga nan ne duk ƙarar nan ke fitowa: ƙananan sukurori suna rawa, sirdi yana kaɗawa, tsirkiya tana tsalle daga raminta.

Maganin shi ne a ɗaga jakin sama. Amma in ka ɗaga shi haka kawai, tsirkiyoyi za su yi nisa da wuya. Saboda haka sai a ɗan karkatar da wuyan baya, ta hanyar sa siririn abu a cikin aljihun da wuya ke zama. Sassauta tsirkiyoyi, sa kafo don kada su tarwatse, kifa jitar, kwance sukurori huɗun da ke riƙe wuya, ɗaga shi a hankali don kada fentin gefen aljihun ya ɓantare. Ana sayar da siririn katako da aka fiƙe musamman don wannan, mai karkatar rabin digiri ko digiri ɗaya, wanda ke cika aljihun baki ɗaya, kuma shi na fi so domin ba ya barin rami a ƙarƙashin wuya. In babu, yanki na kati mai ƙarfi da aka sa a gefen aljihun da ke kusa da jiki zai yi. Mayar da wuya, ɗaura sukurorin a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, har su kama ba tare da ka tsananta ba. Da na yi wa tawa haka na ɗaga jakin, ƙarar ta tafi kusan gaba ɗaya, kuma sautin ya ƙara kauri da tsawon rai. Babu wani gyara da na yi mata da ya kai wannan amfani.

Tsayin da za ka nema shi ne wajen milimita 1.6 tsakanin tsirkiya da firet na 17, ko milimita 2 a ɓangaren masu kauri in kana bugu da ƙarfi. Yi amfani da sukurorin ƙafafu biyun nan wajen ɗaga jakin gaba ɗaya, ƙananan sukurorin sirdi kuma ka bar su don bin lanƙwasar fuskar wuya, ta yadda na tsakiya za su ɗan fi na gefe tsayi. Ka lura kowane sirdi ya tsaya a kan sukurorinsa biyu daidai, kada ɗaya ya rataye a iska, domin wanda ya rataye shi ne mai ƙara. Waɗannan ƙananan sukurori suna da halin kwancewa da kansu saboda girgizar kiɗa, sai ka wayi gari tsirkiya ta sauka tana shafar firet. Ɗigon jan farce marar launi a kan zaren sukurun yana riƙe shi, kuma ba ya hana ka murɗawa in buƙata ta taso. In bayan duk wannan tsirkiya mafi kauri tana ci gaba da zamewa, to nan ne sayen sabon jaki ya halatta. Mutane da yawa suna sa irin na Mustang, mai rami guda mai zurfi a kowane sirdi, amma ka auna tazarar ƙafafu da lanƙwasar wuyanka kafin ka saya.

Mai jita irin Telecaster ba shi da wannan wahalar. Tsayin sirdi kawai zai daidaita ya wuce.

A saman wuya, inda tsirkiyoyi ke bi ta cikin ramuka shida kafin su isa kunnuwa, akwai ɗan farin abu da nake kira matashin wuya. A jita mai araha roba ce, kuma kusan kullum ramukanta ba su kai zurfin da ya dace ba. Danne tsirkiya a firet na uku ka leƙa firet na farko: tazarar da ta kamata ta rage ba ta wuce kaurin takarda ba. In ta fi haka, shi ya sa kake jin kiɗanka a firet na farko da na biyu yana haurawa sama ko da na'ura ta ce saitinka daidai ne, kuma shi ya sa wurin ke da tauri. Akwai wata alama kuma. In kana murɗa kunne sai ka ji tsirkiya ta yi "ƙis" sannan sautin ya yi tsalle, ramin ne ya matse ta, musamman in ka koma masu kauri. Mafi yawan abin da ake ɗora wa kunnuwa na rashin riƙe saiti, laifin matashin nan ne. Goga bakin fensir a cikin kowane rami har ya yi baƙi, garin fensirin yana sa santsi. In ramin ya matse, ninka samfefa mai laushi ka shafi gefunansa kaɗan, kada ka taɓa ƙasan. Ƙara zurfi kuwa aikin mai gyara ne da ke da zarton da aka yi don haka, domin abin da ka ci ba ya dawowa.

Daga nan sai daidaiton sauti a tsawon wuya. Saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi. Ya kamata na'urar ta nuna harafi guda, allura a tsakiya. In sautin ya haura, ja sirdin baya, nesa da wuya, don tsirkiyar ta ƙara tsawo. In ya gaza, tura shi gaba. Sassauta tsirkiyar kafin ka murɗa sukurun, sake saitawa, sake gwadawa. A jaki mai rangaji, fara tabbatar da cewa yana tsaye a tsakiyar kofunansa, bai jingina gaba ko baya ba, in ba haka ba duk awonka zai tashi a banza da zarar ka taɓa sandar. In ka gama za ka ga sirdunan sun jeru kamar matakala biyu, uku-uku. Jakin Telecaster irin na da sirdi uku ne kawai, tsirkiya biyu a kan kowane, don haka ba za ka sami duka biyun daidai cif ba. Raba bambancin tsakaninsu ka bar shi haka.

Maɗaukan sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. In sun matso kusa da tsirkiya da yawa, maganaɗisun yana janta, sautin ya riƙa rawa ya mutu da wuri. In sun yi nisa, sautin ya yi rauni. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe ka auna daga ƙasanta zuwa kan maganaɗisun: fara da milimita 2.4 a ɓangaren masu kauri, milimita 2 a ɓangaren sirara. Daga nan kunnenka ne alƙali. Ni na sauke na kusa da wuya fiye da haka, domin ya fi na kusa da jaki ƙarfi, kuma ina son in sauya tsakaninsu ba tare da ƙara ta yi tsalle ba. A irin jitata soso ne a ƙarƙashinsu ke tura su sama, kuma in ka sassauta sukurori amma ba su taso ba, soson ne ya yi kaɗan, sai ka ƙara wani yanki.

Za ka ji gurnani a lasifika ko ba ka taɓa tsirkiya ba. Wannan halin maɗaukin sauti mai naɗi ɗaya ne, yana kwaso kaɗawar wutar lantarkin gida, sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da kake. Don kashe wannan gurnanin ne Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson maɗauki mai naɗi biyu a 1955, amma shi sautinsa daban ne, ya fi duhu da kauri. A yawancin jitoci irin tawa, in ka kunna maɗaukan biyu tare gurnanin yana ɓacewa, domin an naɗe su a saɓanin juna. Nisantar caja, kwamfuta da dogon ƙwan fitila yana ragewa, haka ma juya jikinka har ka sami kusurwar da ta fi shiru. In ƙarar tana raguwa lokacin da hannunka ke kan tsirkiya, wayar ƙasa, wato wadda ke haɗa tsirkiyoyi da ƙarafan jitar da layin at na lantarki, tana aiki yadda ya kamata. In ƙaruwa take yi, akwai wayar da ta tsinke ko aka haɗa a juye, sai a buɗe a duba. Liƙa siririn fallen jan ƙarfe a cikin ramukan jiki yana rage tsiwar ƙarar sosai, da sharaɗin fallen ya haɗu da wayar ƙasa.

Sauran ƙananan abubuwa biyu. In bakin firet yana karce maka hannu a gefen wuya, katakon ne ya bushe ya tsuke, ƙarfen kuwa ba ya tsukewa. Rufe katakon da salatif ɗin takarda, ka shafi bakin kowane firet da ƙaramin zarto mai laushi, kana turawa ƙasa. Soket ɗin da kebul ke shiga kuma, in notinsa ya kwance, kada ka murɗa shi daga waje kawai, domin soket ɗin zai juya tare da shi ya tsinke wayoyin ciki. Buɗe, riƙe shi ta baya, sannan ka ɗaure.

Bayan an gama duk wannan ne za ka ji ainihin muryar jitar, kuma sai a lokacin ne za ka iya cewa wani abu yana buƙatar canji. Tawa sautinta garau ne, mai kaifi a sama, kuma in na buga da ƙarfi ɓangaren tsirkiyar da ke bayan jaki yana amsawa da wani siririn amo. Wasu suna cusa soso su kashe shi. Ni ban taɓa shi ba, domin yana cikin abin da ya sa na zaɓi wannan fasalin. In kaifin ya dame ka, mayar da mamurɗin ƙara daga goma zuwa takwas, ka rage na launin sauti kaɗan, kafin ka yi tunanin sayen komai. Fasalin asali yana amfani da mamurɗai masu ƙarfin megohm ɗaya, alhali na Stratocaster 250k ne, wato rubu'in hakan, kuma wannan bambancin ne ke barin kaifin ya wuce. Ka kuma sani cewa a masu araha da yawa, murfin maɗaukin ne kawai ke kama da na asali, abin da ke ciki ginin daban ne, ya fi kusa da maɗaukin Gibson da ake kira P-90. Wannan bai sa ya zama marar kyau ba. Mutanen kamfanin Danelectro na Nathan Daniel sun yi jitoci da Masonite, wani allo mai araha na matsattsen garin katako, suka zuba maɗaukansu cikin bututun jan baki, aka sayar da su a shagunan Sears na Amurka da sunan Silvertone ga yara masu koyo, kuma har yau ƙwararrun makaɗa suna neman wannan sautin.

Katako yana motsi da yanayi. In iska ta bushe ko ta yi laima sosai, wuyan zai ɗan sauya, ka ji tsirkiya ta fara shafar firet ko ta yi nisa. Kada ka taɓa jaki a lokacin. Sa kafo, ɗauko guntun tsirkiyar awo, duba firet na takwas, domin galibi ɗan murɗa rodi kaɗan ne zai mayar da komai mazauninsa. Haka kuma duk ranar da ka sauya kaurin tsirkiya, aikin ya koma farko, daga wuya har zuwa daidaiton sauti.